Mai Gadin da Ke Tauna wa Tumaki Ganye

Ƙarfe shida da rabi yake isa bakin ƙofar gonar gwajin dabbobi, ko ana ruwa ko ana zafi. Ya jingine kekensa a bayan ɗakin gadi, ya karɓi makullai daga hannun wanda ya kwana, ya share gaban ƙofa, sannan ya ciko buta ya ajiye gefen benci. Ruwan nan ba na sha ba ne, na kurkure baki ne. Ba ya karyawa a gida, ko shayi ba ya kurɓa, domin a cewarsa harshen da ya taɓa zaƙi da safe ba a yarda da shaidarsa sai bayan azahar.

Kafin bakwai sai ka hango masu yankan ganye tafe daga lambu, su biyu ko uku, magidanta da gemunsu, amma kowa hannu a aljihu kamar wanda ya ɗauko abin da ba nasa ba. Su gaishe shi, su waiwaya ko motar wani babba na tafe, sannan a zaro ganye a miƙa.

"Na layin gabas ne, Baba."

Ya murza, ya sansana, ya tauna a hankali ido a lumshe. Ya tofar, ya kurkure baki.

"Wannan ya sha yanka, ya fusata. Ku bar shi ya huta sati uku. Ina na bakin rijiya?" A miƙo. "To, wannan da dama. A jiƙa shi, toka gwangwani biyu, kada a tsame sai rana ta take. Tumaki masu ciki kuma yau a bar su da ciyawa da dusa."

Su juya. Shi kuma ya gyara hularsa ta gadi ya tsaya jiran motoci. Daga nan har yamma aikinsa ɗaga ƙarfe da sauke ƙarfe, da sara wa mutanen da ba sa sauke gilashi.

Mai Tauna ake ce masa. Sunan ba'a ne tun asali, 'yan ofis suka laƙaba masa, ya bi shi har ya danne nasa na gaskiya. Ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Ashirin da huɗu daga ciki a rumfar tumaki ya yi su, sha ɗaya a bakin ƙofa. Abin da ya raba biyun wata takarda ce mai layi huɗu da ke kwance cikin fayil ɗinsa, wadda ta ce kada ƙafarsa ta sake taka rumfar tumaki. Rumfar tana can ƙarshen gona, bayan ofisoshi da lambu. Daga bencinsa ba a hango ko rufinta, sai dai in iska ta juyo ya ji kukansu. Duk tsawon shekarun nan bai nemi ƙarin girma ba, bai nemi a sa sunansa a wani littafi ba. Abu guda ya roƙa, ya kuma roƙa: a janye takardar nan, ya shiga wurin tumakinsa ta ƙofa, da rana, kowa na gani.

Ɗan majemi ne. A majema ya buɗe ido, inda ake daka 'ya'yan bagaruwa a jiƙa fata a ciki har ta daina ruɓa. Ubansa ya koya masa gane ƙarfin ruwan jima da harshe: ka ɗiga a baki, in ka ji dasashinka ya tattare, yawu ya ɗauke, harshe ya yi kaushi kamar an goga masa yashi, to ruwa ya yi. Wannan shi ne bauri. Masu boko suna da sunan da suke kiran abin da ke kawo shi, tanin, suna kuma da injin auna shi mai cin kwana uku kafin ya yi magana. Mai Tauna ya zo gonar nan lebura, bai san sunan ba, amma ya san halin abin. Abin da ke kama fata ya ɗaure ta, shi ne ke cikin ganyen itatuwa da yawa, kuma in ya shiga cikin tunkiya ba ya sake hali. Zai kama abin gina jikin da ke cikin ganyen ya ɗaure shi tam, tumbi ya juya ya juya ya kasa kwancewa, abinci ya fita ta baya bai yi wa kowa amfani ba. Tunkiya na ci tana ramewa. Kaɗan daga cikinsa kuwa alheri ne, yana hana kumburin ciki, yana rage tsutsa. Akuya ta fi jure shi, tunkiya ba ta da wannan ƙarfin. Gane inda kaɗan ya ƙare, yawa ya fara, shi ne duk aikin.

A takarda aikinsa na rumfa ba shi da yawa: ya auna abin da aka zuba wa kowace dabba a komi, washegari ya auna abin da ta rage, ya faɗa wa malamar ɗakin gwaji ta rubuta. Amma malamar nan, wadda ta yi shekaru tana karɓar lamba daga bakinsa, ta ce ba ta taɓa ganin ya ɗora ragowa a sikeli bai fara dubawa ba: me aka ci, me aka ture gefe, wace ce ta tsince kara ta bar ganye. Yakan tsuguna ya fasa kashin tunkiya da yatsa kamar mai duba hatsi a kasuwa. Akwai raguna huɗu da likitoci suka yi wa taga a gefen ciki, da murfin roba, don a riƙa ɗibar abin da ke cikin tumbi ana aunawa. Ɗalibai kan toshe hanci su ja baya. Shi yakan yi wa ragon magana tukuna, ya shafa wuyansa, ya buɗe murfin, ya sansana, ya ce, "Cikin nan ya yi sanyi, ba ya aiki." Bayan kwana uku inji ya fito da takarda ya maimaita abin da ya faɗa, sai a yaba wa injin.

Wata damina garke ya faɗa cikin ɗanyen wake da raɓa a jikinsa, tumaki suka riƙa kumbura suna faɗuwa. Shekara ta zagayo, aka ce a killace filin a daina kai su. Shi ya ce ba sai an killace ba, a dai bari ya fara ba su ɗan ganye mai bauri kafin a sake su. Aka bar shi don a ga iyakarsa. Ba a sake ɗaukar gawa daga filin nan ba. A rahoton shekara aka rubuta cewa an inganta tsarin kiwo.

Kai ne ka karɓi haihuwar tumakin da ba sa ƙirguwa, Mai Tauna. Kai ne ka san kowace da uwarta da kakarta ba tare da ka dubi lambar kunne ba. Da duniya ta bar ka a haka, da ka tsufa cikin warin da kake so.

Sai aka kawo wani Dakta, sabon dawowa daga karatu, mai kaifin kai da saurin tafiya. Ba za a ce bai san aiki ba. Ya sani, sai dai ya fi sanin inda yake so ya kai. Ya zo da irin wani ɗan itace mai saurin tofo, kore shar ko da rani, wanda aka ce ganyensa ya fi harawa gina jiki. Aka busar da ganyen farko, aka niƙa, aka auna, lamba ta fito mai faranta rai. Wata ƙungiya mai taimakon makiyaya ta ji labari, ta ce in gwaji ya yi kyau za ta raba dashen a ƙauyuka arba'in, yawanci ga mata masu tunkiya biyu ko uku a bayan ɗaki. Aka ware tumaki ashirin, aka ce wata uku ba abin da za su ci sai ganyen nan.

Sati biyu na farko lafiya lau. Daga nan ragowa ta fara yawa a komi. Mai Tauna ya tauna na sabon tofo, ya ji bakinsa ya ɗaure. Nan ya gane abin da injin bai gane ba, domin shi injin ganyen farko aka ba shi, sau ɗaya tak. Itacen nan duk lokacin da aka yanke shi, tofon da zai fito ya fi na baya bauri, kamar mai ramuwa. Ya wanke hannu ya nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, ganyen nan yana jeme musu ciki."

"Yana me?"

"Jima, ranka ya daɗe, yadda ake yi wa fata. Suna ci, ba ya zama jiki. In an yarda a jiƙa shi a ruwan toka, a bar shi ya sha iska a inuwa, a ba su kashi ɗaya cikin huɗu a cika da ciyawa, zai yi amfani. Har tsutsa zai rage musu."

Dakta ya ajiye biro, ya dube shi sama da ƙasa. "Toka. Baba, nan gonar bincike ce, ba majemar gidanku ba. Shekara nawa ka yi a makaranta?"

"Ban yi ba."

"To ni na yi ashirin da biyu. Je ka auna abin da aka ce ka auna."

Malamar tana tsaye da fayil a hannu. Da ta koma ɗakinta ta rubuta maganar tokar a bayan littafinta, yadda ya faɗe ta.

Kafin wata na uku ya cika, tumaki ashirin sun zama abin tausayi. Ƙashin baya ya fito a jere, gashi ya tashi, kashinsu ƙanana baƙaƙe masu tauri kamar tsakuwa. Biyu sun yi ɓari. Ga komi cike da kore a gabansu, ga su tsaye suna kukan yunwa. Dakta ya ce tsutsa ce, aka ba da magani. Ya ce zafi ne, aka ƙara inuwa. Ba wai bai gane ba. Ya riga ya faɗa wa manya a taro cewa abin ya yi, kuma a wajen irin waɗannan mutane janye magana ya fi mutuwar tunkiya ashirin ciwo.

Ana gobe baƙin ƙungiya za su zo, da la'asar, Dakta ya shigo rumfa da abin huda kunne a hannu. Direban gona, wanda ya kawo shi, yana jingine da ƙofa, shi ya ji komai.

"Baba, za mu ɗan yi gyara. Waɗannan a kai su bayan sito. A kawo ashirin daga garken masu cin dusa, a cire lambobin kunnen waɗannan a sa musu. Da safe a share komi tas kafin su iso."

"A sa wa wata lambar wata?"

"Na kwana ɗaya ne."

"Ranka ya daɗe, matan da za a ba dashen nan fa, su wa zai canza musu tumaki?"

"Ba a ɗauke ka aiki don ka yi tambaya ba."

"Gaskiya ne. Amma hannuna ba zai yi ba."

Dakta ya kira wasu leburori biyu suka yi. Kada a zarge su da yawa, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

Washegari baƙi suka iso, mota uku. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai tabarau, ashe a gidan kiwo ta tashi. Aka zaga da su. Tumaki sumul, komi a share, Dakta na bayani yana nuni da sanda. Mai Tauna an tsai da shi can gefe riƙe da bokiti, don a ga akwai ma'aikata. Aka zuba sabon ganye don a yi hoto. Matar ta tsaya tana kallon wata ƙatuwar tunkiya da ta sansana ganyen ta kau da kai, kamar yau ta fara ganinsa. Ta juyo, ta wuce Dakta, ta wuce mataimakansa, ta nufi mai bokiti.

"Baba, kai ke ba su abinci?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Suna son ganyen nan?"

Mai Tauna ya san abin da ke gabansa sarai. 'Ya'yansa biyar, ba shi da gona, majemar ubansa ta daɗe da rufewa. E guda ɗaya ta ishe shi ya kwana lafiya. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ajiye bokiti, ya tsinko ganye daga damin da aka kawo da safe, ya goge da gefen rigarsa, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Tauna ki ji, ranki ya daɗe."

Wani ya yi dariya. Ita kuwa ta tauna. Fuskarta ta tattare, ta nemi yawu ta rasa, ta kama tari, aka ruga neman ruwa. Da ta samu bakin magana sai ta ce, "Wannan suke ci wata uku?"

"Waɗanda suka ci suna bayan sito."

Ta ce a kai ta. Aka kai ta.

Ba a raba dashen ba. Matan ƙauyuka arba'in har yau ba su san da zamanka a duniya ba, Mai Tauna. Ba su san akwai wata safiya da wani lebura ya tsaya tsakaninsu da gawar tumakinsu, ba shi da komai a hannu sai ganye ɗaya.

Ga sakayyar da aka yi masa. Kwamiti ya zauna. Canza lambobi aka kira shi kuskuren tsari, aka ja wa Dakta kunne a ɗaki a rufe, da shayi a gabansa. Wanda aka tuhuma shi ne leburan da ya yi magana da baƙi ba da izini ba, ya kuma ciyar da babbar baƙuwa abincin dabbobi. Wallahi haka aka rubuta. Ba su kore shi ba, domin kora za ta ta da ƙura. Suka ba shi hula da kulki, suka kai shi ƙofa, suka sa takardar nan a fayil. An tambayi malamar ko tana da abin cewa, ta ce babu. Ita da bakinta ta ce babun nan har yanzu tana tsaye mata a maƙogwaro.

Da ya koma gida da hular a hannu, matarsa tana tankaɗe. Ta dube shi, ta dubi hular.

"Malam, soja ka shiga da tsufanka?"

"Gadi aka ba ni."

"Gadin me? Tumakin?"

"Ƙofa."

"To madalla. Ƙofa dai ba ta zawo, ba ta haihuwa. Na huta da wankin riguna masu warin tumbi." Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ajiye rariya. "Don Allah da ka ce mata e, me zai ragu a jikinka?"

"Ba a jikina zai ragu ba."

"Kullum kai ke nan. Tumakin hukuma, matan da ba ka sani ba, duk kai ne ubansu. Mu da ke gidan nan fa, 'ya'yan wa ne?"

Ya rataye hular a ƙusa. Ita kuwa ba ta sake tada zancen ba. Washegari ita ta goge masa hular.

Dakta kuwa ba mutum ne mai faɗuwa ya tashi hannu wofi ba. Ya tuna maganar toka, ya tambayi malamar, ta miƙa littafinta. Aka sake gwaji: jiƙo a ruwan toka, shan iska a inuwa, kashi ɗaya cikin huɗu. Aka tsai da awon toka guda da lokacin jiƙo guda, aka manna a bango. Wata ɗaya abin ya yi, wata na biyu ya ƙi, domin baurin ganye ba ya zama wuri guda. Na rani daban, na damina daban, na bakin rijiya daban da na tudu, wanda ya sha yanka daban da wanda ya huta. Masu yankan ganye suka ga za a kashe tumaki a ce laifinsu ne. Ran nan ɗayansu ya cusa ganye a aljihu ya nufi ƙofa.

Direba yana wurin. Ya ce, "Mai Tauna, kada ka taɓa. Bar su su ci takardarsu. In tumakin suka zube, manyan da ƙafarsu za su zo su durƙusa maka."

Ya daɗe yana kallon ganyen a tafin mutumin. Sannan ya ce, "Kafin su durƙusa, nawa za su mutu?" Ya karɓa ya tauna.

Tun daga ranar gwajin ya miƙe. Tumaki suka yi ƙiba, tsutsa ta ragu, aka ɗauki hotuna. Aka buga littafi mai bango mai sheƙi, aka sa wa dabarar sunan Dakta, aka gayyace shi ƙasashe, ya dawo Farfesa, daga baya ma aka ba shi shugabancin gonar baki ɗaya. A shafin godiya an gode wa ƙungiya, an gode wa waɗanda suka ba da inji, an gode wa iyalinsa saboda haƙuri. Kowace safiya motarsa takan wuce ta gaban benci, wani lokaci ganyen da aka tofar bai ko bushe ba. Kada wani ya ce bai sani ba. Shugaban da ya san adadin kujerun ɗakin taro ba zai kasa sanin inda leburorinsa ke zuwa da safe ba. Ya sani, kuma tsarin ya yi masa daidai: harshen na aiki, mai harshen na ƙofa.

Sau shida Mai Tauna ya sa aka rubuta masa takardar roƙo. Sau shida aka ce ana dubawa.

Saura wata ɗaya ya ajiye aiki, sai ga motar Farfesa ta tsaya a ƙofa, gilashi ya sauka, abin da ba a taɓa gani ba. Har ya fito ya ba shi hannu.

"Baba, ashe tafiya ta zo. Ina so kafin ka tafi ka zauna da malama, duk abin da ka sani a rubuta."

"Ba ya rubutuwa, ranka ya daɗe, sai dai a koya wa baki. Na fara koya wa biyu daga cikin masu yankan ganye tun bara. Ɗaya ya kusa."

"Madalla, madalla. To kai kuma me za mu yi maka? Faɗi."

"Takardar nan."

"Wace takarda?"

"Wadda ta hana ni shiga rumfa."

Farfesa ya yi dariya. "Haba Baba, har yanzu? Ai wannan tsohon zance ne. Shiga abinka mana, wa zai hana ka?"

"A rubuce aka hana ni. A rubuce nake so a ce in shiga."

Murmushin ya ɗan ja baya. Janye takarda a rubuce sai da dalili a rubuce, dalilin kuwa mutum ne, kuma sunansa na manne a ƙofar babban ofis. "Sai kwamiti ya zauna," in ji shi. "Za a duba." Ya shiga mota, gilashi ya hau.

Kwamiti bai zauna ba.

Ranar ƙarshe ba a yi taro ba, Farfesa ya yi tafiya. Wani akawu ya kawo takardar sallama, ya karɓi hula da kulki, ya jujjuya su ko sun lalace. Direba, wanda shi ma kansa ya yi fari, ya jawo mota ya tsaya.

"Shigo in kai ka rumfa. Mai gidan ba ya nan. Ka kwanta a baya in rufe ka da buhu, minti goma ka gan su mu dawo."

"A buhu? Kamar dusa?"

"To zauna a gaba, ka sa tabarau, in ce sabon Dakta ne."

Ya yi dariya har sai da ya share ido. "Bar shi, abokina. Ban fito a ɓoye ba, ba zan koma a ɓoye ba."

Yana ɗaure 'yan kayansa a bayan keke, sai aka ji kuka da ƙarar kofato daga wajen ofisoshi. Malamar ce a gaba, da farar rigar aikinta, riƙe da sanda. Bayanta masu yankan ganye, tsakiyarsu garke duka, tumaki fiye da ɗari biyu, sun biyo titin manya, ta gaban babban ofis, suna zuba kashi a kwalta, suna cin furannin da aka shuka don baƙi. 'Yan ofis sun leƙo ta tagogi. Akawu ya ce, "Malama, wa ya ba da izini?"

"Ni. Rubuta sunana da kyau." Ta zo gaban Mai Tauna. "Baba, na makara da shekara sha ɗaya. Ga su."

Ya saki keken, keken ya faɗi. Ya yi kiran nan nasa, wani ɗan sauti da harshe, wanda a da in ya yi shi rumfa duka ke miƙewa. Ba wadda ta ɗaga kai. Ya sake. Ya matsa, ya miƙa hannu, suka dare gefe da gefe yadda tumaki ke yi wa baƙo. Tunkiya ba ta cika wuce shekara goma ba. Waɗanda suka san muryarsa an yanka, an sayar, sun mutu. Ragunan nan huɗu masu taga tun shekarar farko aka gama da su. Waɗannan jikoki ne da tattaɓa kunne, kowace da harshensa ta girma, ba kuma wadda ta taɓa ganin fuskarsa.

Ya tsaya hannu a miƙe. Ba wanda ya iya dubansa. Direba ya juya yana goge gilashin da ba shi da datti.

Can ya sauke hannun, ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna wata mai baƙin kunne a baya. "Kamo mini waccan." Aka kamo, tana fizga. Ya ɗaga leɓenta ya dubi dasashi, ya ja fatar ido. "Jininta ya yi ƙasa, tsutsa ce. Ku ƙara mata ganyen kaɗan, rabin tafi, kwana goma. Waccan kuma gobe ko jibi za ta haihu, ku raba ta da sauran." Ya goge hannu a riga, ya ɗaga kekensa. "Ku mai da su. Kwalta ta yi musu zafi a ƙafa."

Direba ne ya ɗaga masa ƙarfen ƙofa ya fita. Takardar tana nan cikin fayil.

Mun gode, Mai Tauna, ɗan majemi, uban garken da bai san ubansa ba. Godiyar nan ba ta da hatimi, ba za ta shiga fayil ba, amma ta fito daga bakin waɗanda suka gani da idonsu. Mun gode a madadin matan da tumakinsu suka haihu lafiya ba su san dalili ba. Mun gode wa maiɗakinka, wadda ta yi mita sau ɗaya ta kuma goge hula shekara sha ɗaya. Allah ya huta gajiya, ya bar maka lafiyarka da haƙoranka.

Ku da ke aiki ƙarƙashin masu manyan takardu, a gona ko a asibiti ko a wurin gini, ranarku tana tafe da za a miƙo muku abin huda kunne a ce na kwana ɗaya ne. Ba wanda zai yi muku alkawarin sakayya, kun dai ga tasa. Duk da haka ku yi irin nasa, domin can nesa akwai wata da ba ku sani ba, tana da tunkiya biyu a bayan ɗaki, kuma ba ta da kowa a wurin nan sai ku.

Ku kuma masu ofis, mutumin nan yana raye, gidansa ba nisa. Layi ɗaya ne, bai kai aikin minti biyu ba. A rubuta, a sa hannu, a kai masa tun yana iya hawa keke.